Ragar sauro mai naɗewa a tagar alminiyam: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Daminar da muka tare a sabon gida, na biya aka sa mana raga mai naɗewa a tagogi shida. Irin wadda ake janyowa daga cikin wani siririn akwati a gefen taga, in an gama da ita ta koma ciki ta naɗe kanta a jikin sanda mai sifirin. Da aka gama aikin kowa ya yaba. Ba a yi kwana goma ba ƙaramar 'yata ta tashi da tabon cizo a hannu da goshi. Uwarta ta ce, "Baban yara, anya ragar nan tana aiki kuwa?" Na bi ragar ɗaki-ɗaki ina neman huji, ban samu ko ɗaya ba. Sai da dare ya yi na kashe fitila, na sa ƙanena ya zagaya waje da tocila yana haska gefen tagar. A nan na ga haske yana ratsowa ta ƙarƙashin akwatin, wani tsago da ɗan yatsana ƙarami ke shiga. Ragar lafiyarta lau. Sauron zagayeta yake yi.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yawancin kurakuran da ake yi da wannan raga a gefunanta suke, ba a tsakiyarta ba.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa tun daga awo yake farawa. Mai aiki zai zo da tef, ya ɗora sau ɗaya a faɗi, sau ɗaya a tsawo, ya rubuta a bayan kwali ya tafi. Alhali ramin tagar da birkila ya bari, aka bi shi da filasta da hannu, da wuya ka same shi daidai wa daida. Sama na iya fin ƙasa faɗi da santimita guda, ido bai gani ba. Ragar da kafinta ke bugawa da ƙusa a katako tana haƙuri da irin wannan, domin ana iya ja a lanƙwasa. Mai naɗewa ba ta da wannan haƙurin. Layuka biyu take bi, na sama da na ƙasa, kuma in ba su tafi kafaɗa da kafaɗa ba, ko ta cije a hanya ko bakinta ya fice daga layin. Gyaran shi ne a auna faɗi a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, a auna tsawo a wuri uku, hagu da tsakiya da dama, a rubuta da milimita. In a cikin ramin tagar za a zaunar da ita, mafi ƙanƙantar awo ake ɗauka. Sannan a ja tef daga kusurwa zuwa kusurwa ta fuska biyu. In awon biyu bai zo ɗaya ba, ramin a karkace yake, kuma gara a ɗora ragar a fuskar bango ta rufe ramin gaba ɗaya da a tilasta mata zama a ciki. Duk tsagon da ya rage tsakanin firam da bango a cike shi da silikon, a bi da ɗan yatsa a shafe.

A wajen awon nan ana yawan manta maƙullin taga da ƙarafan tsaro. Akwatin ragar yana da kauri, yawanci santimita 4 zuwa 5. Na ga gidan da aka kafa raga tsaf, sai da aka zo ja aka tarar hannun tagar ya tokare ta. Sai aka koma ana ɗan tura ragar da hannu don ta wuce, cikin wata biyu wurin ya yage. Kafin a yanka komai, a sa tef a ga tazarar da ke tsakanin maƙulli da inda ragar za ta bi, a kuma tabbata hannu zai iya kaiwa ga gilashi ya buɗe ba tare da ya ratsa ta kan ragar ba.

Abu na biyu shi ne wanda na fi so a tsaya a fahimta, domin ko masu aikin da yawa ba su lura da shi ba. Tagar da ake turawa gefe ganye biyu ne, kowanne da layinsa, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Rabin tagar ne kawai ke buɗewa a lokaci guda, shi ya sa don rage kuɗi ake cewa a sa raga a rabi. To ga inda matsalar take. Gilashi ya fi firam ɗin da ke riƙe da shi siranta, don haka akwai fili tsakanin fuskar gilashi da bakin ragar. Idan bakin ragar ya tsaya daidai kan ƙarfen firam, ya rufe. Idan kuwa ka tura ganyen da ke kusa da ragar zuwa rabi kawai, bakin ragar ya koma yana kallon tsakiyar gilashi, ba ya taɓa komai. Sauro zai shigo ta inda aka buɗe, ya bi tsakanin raga da gilashi, ya ɓullo cikin ɗaki ta wannan filin, kai kuwa kana kallon raga a rufe hankalinka kwance. An gudu ba a tsira ba.

Wanda ya riga ya sa ta rabi, yana da mafita biyu. Ko dai ya riƙa tura ganyen da ke manne da ragar har ƙarshe duk lokacin da zai buɗe, yadda ƙarfensa zai zo daidai da bakin ragar, ko kuma a mayar da ragar ɓangaren da ganyen nesa ke rufewa, a bar na kusa a tsaye kada a taɓa shi, ƙarfensa na haɗe da bakin ragar. A haka ko ɗan kaɗan ka buɗe babu mashiga. Amma ni a ganina, gidan da ke da yara da baƙi ba a dogara da cewa kowa zai tuna wane gilashi ake turawa. Wanda bai riga ya saya ba ya sa mai rufe faɗin tagar duka. In tagar ta yi faɗi da yawa, a sa akwati biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, su haɗu a tsakiya da maganaɗisu.

Akwai kuma wasu ƙananan ramuka a layin ƙasa na tagar alminiyam, waɗanda aka huda don ruwan sama ya fice. In ragar a waje take ko ta rabi ce, ƙwari na iya biyowa ta nan. Wasu da sun gano sai su toshe da silikon, ruwa kuma ya rasa mafita ya taru ya gangaro jikin bango ta ciki, fenti ya kumbura. Kada a toshe. A yanko ɗan ƙyallen raga a liƙa a bakin ramin, ruwa ya wuce, ƙwaro ya tsaya.

Sai zaɓen ragar kanta. A nan araha ba ta ado. Koriyar ragar robar nan da ake aunawa da yadi a kasuwa, rana ce ke cinye ta, ta bushe ta riƙa karyewa kamar ganye. Ta waya kuwa, ko ta alminiyam ko ta ƙarfe, tana da ƙarko a tagar da ba a motsawa, amma ba a yi ta don naɗewa kullum ba, tana yin ƙugu ta ƙi kwanciya. Wadda aka saba sawa a mai naɗewa ita ce ta zaren gilas da aka lulluɓe da roba, mai laushi, baƙa ko ruwan toka. Gwargwadon da aka fi sani shi ne 18 da 16, wato ido 18 ta fuska ɗaya, 16 ta ɗaya fuskar a kowane inci, kusan ido 288 ke nan a inci murabba'i. Wannan ya ishi sauro da ƙuda. Akwai mai ƙananan ido fiye da haka don 'yan mitsi-mitsin ƙwarin da ke bin fitila da damina, to amma gwargwadon ƙanƙantar ido gwargwadon raguwar iska. Wanda ya san zafin Afrilu da Mayu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, lokacin da ma'auni ke haura 40 kuma babu wuta, ya san abin da zai faru: ɗaki zai ɗau zafi, wani zai tashi cikin dare ya naɗe ragar don ya sha iska, shi ke nan aiki ya zama na baban giwa. Sai dai in gidanka kusa da fadama ko gona yake, 18 da 16 ta wadatar. Baƙa kuma ta fi fara sauƙin hangen waje.

Yanzu a zo ga ƙura, wadda ita ce babbar abokiyar gabar wannan raga a ƙasarmu. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta zuba mana a kan komai. Ragar da ke naɗewa inji ce, tana da sifirin, da sanda mai juyawa, da siririn buroshi a cikin layukanta mai riƙe bakin raga. Ƙura na taruwa a layin ƙasa, ja ya fara nauyi. Abin da mutane ke yi a nan shi ke kashe ta: a ɗauko giris, ko baƙin mai, har man gyaɗa na taɓa gani, a zuba a layin. Kwana biyu za ta yi santsi. Bayan nan man ya kama ƙura ya zama laka mai danƙo, buroshin ya kwanta, ragar ta baƙanta ta riƙa mannewa a cikin akwati. Layin nan shara yake so, ba mai ba. Tsohon buroshin haƙori ya isa, a bi layin da shi sau ɗaya a mako lokacin hunturu, a goge da ɗanyen tsumma, a bar shi ya bushe. In har ana son santsi, akwai silikon na fesawa wanda ke bushewa ba ya barin maiƙo. Ita ragar a buɗe ta duka, a goge da soso mai laushi da ruwan sabulu kaɗan, ba kananzir ba, ba fetur ba, domin suna lalata robar da ke jikinta. Kuma kada a naɗe ta da lema. Wadda aka mayar cikin akwati a jiƙe, wari take yi ta yi fumfuna.

Da rana in taga a rufe take, a bar ragar cikin akwatinta. Amfanin naɗewar ke nan, tana hutawa daga rana da ƙura. Haka in hadari ya taso, musamman guguwar farkon damina, a naɗe ta a rufe gilashi, don iska mai ƙarfi na cusa cikinta ta fizge bakinta daga layi. In hakan ta faru kada a ja da ƙarfi. A mayar da ita cikin akwati a hankali har ƙarshe, sannan a sake janyowa, sau da yawa da kanta take komawa hanya.

Sakin hannu ma kuskure ne da ba a ɗauka komai ba. Yara na son su cire maƙalin su sake ta ta koma da gudu ta buga kas. Kowane bugu yana gajiyar da sifirin, yana kuma sa ragar ta naɗu a karkace. A raka ta da hannu, a riƙe a tsakiyar sandar ja, ba a sama ko ƙasa ba. In ta fara lalaci wajen komawa, ba lallai ta mutu ba, sifirin ne ya saki, ana cire murfin akwati a ƙara masa 'yan zagaye. Wannan aikin a bar wa wanda ya sani, don sifirin da ya kufce yana iya yanka yatsa.

Wata magana da ba ta sauro ba, amma ba zan wuce ta ba. Ragar nan ba ta riƙe nauyin yaro. Yaro na ganinta kamar bango, ya jingina. A gidan bene, tagar da ba ta da ƙarfen tsaro kada a bar ta a buɗe don akwai raga, kada kuma a ajiye gado ko kujera a ƙarƙashinta.

Kuskure na ƙarshe a tunani yake. An sa raga, sai a naɗe gidan sauro a jefa saman wadirob. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Raga a gida tana taimakawa ƙwarai. Wani bincike da aka yi a yankin Farafenni na ƙasar Gambiya, aka buga a 2009, ya gano cewa gidajen da aka sa wa raga sauron da ke shiga ya ragu da kimanin rabi, yaran gidajen kuma ƙarancin jini ya ragu a cikinsu. A 2021 hukumar ta sa raga cikin shawarwarinta, a matsayin ƙari kan gidan sauro mai magani, ba madadinsa ba. A lura, rabi aka ce. Sauron da ke kawo zazzaɓin nan da dare yake farauta, ba shi da yawan kuka kamar na kwata mai hana barci, kuma ya ƙware wajen bin bango ya haura ya shiga ta tsakanin bango da rufi. Don haka a duba silin da ya ɓalle, da ƙarƙashin ƙofa, da ramin da aka fasa don bututun na'urar sanyaya ɗaki, da 'yar tagar banɗaki da kowa ke mantawa. A ja raga tun kafin kiran sallar magariba, ba sai an ji cizo ba. Mai juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 5 su ci gaba da kwana cikin gidan sauro.

Ranar da mai aiki ya gama, kafin ka cika masa kuɗinsa, ka ce, "Malam, mu jira duhu ya yi." Ku kashe fitilar ɗaki, wani ya fita da tocila ya bi gefuna huɗu na kowace taga a hankali, kai kana ciki kana kallo. Ka buɗe gilashin hagu, ka buɗe na dama, ka tsayar da kowanne a rabi, a sake haskawa. Duk inda haske ya ratso ba ta idon raga ba, ka sa alli ka yi alama, a toshe shi a daren.