Yadda Ake Ɗinka Ijogolo na Matan Ndebele

Ijogolo fatarin biki ne na matan aure 'yan ƙabilar Ndebele a Afirka ta Kudu. Ni jemammiyar fatar akuya nake zaɓa, don ta fi yadi riƙe nauyin duwatsun adon da ake ɗinkawa a kai.

Ki yanke ta, ki fitar da harsuna biyar a ƙasa. Su ne shaidar mai ɗaurin ta yi aure. Budurwa nata daban, isiphephetu. Kada ki gauraya su, 'yar'uwa.

Sai ki zira ƙananan duwatsun ado kamar shida a zare, ki kwantar, ki soke fatar, ki dawo. Layi bayan layi, ba tazara. Fari ya rinjaya kamar aikin kakannin Ndebele, shuɗi da ja su fitar da siffar gida. In zaren ya yi sako-sako, duwatsun tashi za su yi.