Idan ƙafa ɗaya ta kumbura: yadda ake duba jijiyoyin jinin cinya

Jinin da ya sauka ƙafa sai ya hau ya koma zuciya, kuma ta cinya yake bi. Hanya biyu ce. Akwai babbar jijiya ta ciki, wadda ke tasowa daga bayan gwiwa, ta ratsa tsakanin tsokoki kafaɗa da kafaɗa da jijiyar da ke bugawa, har ta kai matsematsi ta shige mara. Jijiyoyin ciki ne ke ɗaukar kusan kashi 90 cikin 100 na jinin da ke komawa. Sai ta ƙarƙashin fata, wadda ta fi kowace jijiyar jini tsawo a jikin mutum: daga bayan tafin ƙafa take farawa, ta wuce ta gaban idon sawu na ciki, ta bi gefen gwiwa da cikin cinya, ta zuba a babbar a matsematsi. Ƙananan jijiyoyi na huda nama suna haɗa su biyun.

A cikinsu akwai ƴan ƙyamare masu buɗewa sama kawai. Duk takun da mutum ya yi, tsokar sharaɓa na matse jijiya ta tura jini sama, ƙyamaren su hana shi dawowa. In ba motsi, jini ya kwanta, kuma jinin da ya kwanta shi ke daskarewa ya zama guda, ya toshe jijiya, ƙafa ta kumbura.

Shi ya sa ake sa ido kan mai juna biyu da maijego har sati 6 bayan haihuwa, da wanda aka yi wa aiki ko ya karye ya daɗe kwance, da mai ciwon daji, da mai shan ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin estirojin, balle in tana shan taba. Haka wanda ya zauna a bas daga Damagaram zuwa Yamai, kusan kilomita 900, gwiwa a lanƙwashe. A wajen masu ciki ƙafar hagu ta fi kamuwa, domin a cikin mara jijiyar bugawa ta dama na gitta wa jijiyar da ke mayar da jinin ƙafar hagu tana danne ta.

Ga yadda ake dubawa. A kwantar da mutum, a buɗe ƙafafu biyu a wuri mai haske, a kwatanta. A laluba ɗan tudun ƙashin da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, a auna santimita 10 ƙasa da shi da igiyar awon tela, a sa alama, a zagaya sharaɓa a nan. A yi haka a ɗaya ƙafar. Bambancin da ya wuce santimita 3 abin damuwa ne. A taɓa da bayan hannu a ji ko ɗaya ta fi zafi, a danna yatsa a ƙwauri a ga ko ya bar rami, a tambaya ko akwai ciwo a sharaɓa ko cikin cinya. Kumburin ƙafa biyu daidai wa daida ya fi nuni ga zuciya, ƙoda ko hanta. Na ƙafa ɗaya, musamman in ya hau har cinya, a kai asibiti a ranar. Hoton eko ne ke tabbatarwa: likita na danna jijiyar da na'ura, lafiyayya ta lotse, mai gudan jini ta ƙi.

A nan ake yawan ɓarna. Kada a murza, kada a yi tausa da man zafi, kada a kira wanzami ya kafa ƙaho ko ya yi tsaga. Gudan yana can ciki inda ƙaho ba ya kaiwa, kuma in ya ɓalle huhu zai nufa. Numfashi ya ɗauke farat ɗaya, ƙirji ya soka, ko a yi tari da jini: wannan ba a jiran wayewar gari. Maganin tsinka jini likita ke rubuta shi, ana sha aƙalla wata 3, kuma ba a barinsa don kumburi ya saɓe.

Jijiyoyin da ke fitowa murɗe-murɗe a fata wani abu ne daban. Ƙyamaren jijiyar ƙarƙashin fata ne suka saki, abin da ake gani wajen masu wuni a tsaye a kasuwar Dole ta Damagaram. A riƙa ɗaga ƙafa sama da ƙirji minti 15 sau biyu ko uku a yini, a sa safar matsi tun da safe kafin ƙafa ta cika. In ɗaya ta fashe, a kwanta, a ɗaga ƙafar, a danna wurin da tsabtataccen ƙyalle minti 10 ba ɗagawa.

A doguwar tafiya kuwa, a riƙa ɗaga diddige da yatsu a zaune, a sha ruwa, a sauko a taka duk inda mota ta tsaya, Maraɗi ko Ƙonni ko Dosso.