Kurakuran da aka fi yi wajen tunawa da marubuci Ni Kuang

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Chana a sinimomin Kano ko Kaduna, ko kuma a kaset ɗin bidiyo daga baya, da wuya a ce bai taɓa kallon labarin da ya fito daga alƙalamin Ni Kuang ba, ko da kuwa bai taɓa jin sunansa ba. Marubucin ya rasu a Hong Kong ranar 3 ga Yuli, 2022, yana da shekara 87, bayan ya rubuta labaran finafinai sama da 300. Abin da ke damuna shi ne, ɗan abin da ake faɗa a kansa yakan zo da kurakurai, alhali gyara su ba shi da wuya.

Tun daga sunan ake fara tuntuɓe. Sinawa suna gabatar da sunan dangi ne kafin sunan mutum, saboda haka Ni shi ne sunan gidansu, kuma wanda ya kira shi Mista Kuang ya juya sunan. Sunansa na yanka Ni Cong ne. A rubutun farkon tsofaffin finafinan kamfanin Shaw Brothers za a ga an sa I Kuang, mutanen Hong Kong kuma suna furta shi Ngai Hong da harshen Kantonis. Mutum ɗaya ne, don haka mai neman ayyukansa sai ya gwada duka ukun.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo shi ne jingina fim gaba ɗaya ga wanda ake gani yana dukan. A wurinmu fim ɗin Chana na akta ne da bos, wanda ya zauna ya ƙulla dalilin gabar da ke tsakaninsu kuwa ba a ko tambayarsa. A ɗauki fim ɗin The 36th Chamber of Shaolin na 1978, wanda Lau Kar-leung ya ba da umarni, Gordon Liu ya fito a jarumi. Abin da ya sa ya zauna a zukatan mutane ya wuce naushi da ƙafa: ɗalibi ne da gwamnatin Manchu, mai mulkin Sin a wancan zamani, ta hallaka masa dangi da abokai, ya gudu zuwa gidan ibadar Shaolin, ya bi ɗakunan horo ɗaya bayan ɗaya, yana ɗibar ruwa da guga, yana buga ƙararrawa da doguwar gora, har ya ƙware, sa'an nan ya nemi a buɗe ɗaki na 36 domin a koyar da talakawan waje. Wannan tsari na haƙuri da biyayya ga malami, wanda duk almajiri zai gane shi, Ni Kuang ne ya rubuta shi. Haka nan shi da darakta Chang Cheh suka rubuta One-Armed Swordsman na 1967, fim na farko a Hong Kong da ya tara dalar Hong Kong miliyan ɗaya, kuma daga nan ne finafinan takobi suka koma hannun jarumai maza masu zafin zuciya. Gyaran a nan mai sauƙi ne: idan za a ambaci fim, a ambaci marubucinsa tare da darakta da jarumi.

Sai dai kada a wuce gona da iri a wajen gyaran. Game da Fist of Fury na 1972, sunan da ke jikin fim ɗin a matsayin marubuci na darakta Lo Wei ne, ko da yake ana danganta ƙirƙirar Chen Zhen, wanda Bruce Lee ya fito a matsayinsa, ga Ni Kuang. Ya kamata a kawo maganganun biyu tare. Kuma Chen Zhen na fim ƙagagge ne, malaminsa Huo Yuanjia ne mutumin gaske, wanda ya rasu a Shanghai a 1910.

Akwai kuma al'adarmu ta kiran kowane irin faɗan Gabas da sunan kareti. Kareti na Japan ne, kuma a fim ɗin Fist of Fury ma makarantar Japanawa ce jarumin yake yaƙa. Su Sinawa sun bambanta finafinan kung fu, inda ake gwada ƙwanji da hannu, da nau'in adabin da suke kira wuxia, wato labaran jarumai masu takobi da ke tsare mutunci da alkawari, suna yawo a duniyar da ake kira jianghu, ma'ana koguna da tafkuna, inda hukumar sarki ba ta da ƙarfi.

Cewa kawai shi marubucin ƙasar Sin ne, a tsaya nan, yana ɓoye rabin tarihinsa. An haife shi a Shanghai a 1935, ya yi aikin tsaro a ƙarƙashin gwamnatin Kwaminis har aka tura shi Mongoliya ta Gida, wani yanki a arewacin Sin, daga can ya tsere ya isa Hong Kong a 1957, lokacin tana hannun Birtaniya. A wancan zamani an hana irin waɗannan labarai a babban yankin Sin, jaridun Hong Kong da Taiwan ne suka raya su, ana buga su kashi-kashi kowace rana. Ya rayu yana sukar mulkin Kwaminis a fili, ya koma San Francisco a Amurka a 1992, ya dawo Hong Kong a 2006.

Masu karatu a can ma ba da labaran takobi suka fi saninsa ba. Sun fi saninsa da jerin labaran ƙagen kimiyya na wani jarumi mai suna Wisely, waɗanda ya fara a jaridar Ming Pao a 1963. Mai jaridar shi ne Jin Yong, babban marubucin wuxia da ya rasu a 2018, kuma sau da yawa ana cakuɗa ayyukan mutanen biyu. Cakuɗar tana da ɗan tushe. A 1965 Jin Yong ya yi tafiya Turai yana tsakiyar buga labarinsa Demi-Gods and Semi-Devils, sai ya bar wa abokinsa Ni Kuang amanar ci gaba da shi na wasu makonni, da sharaɗin kada ya kashe kowa. Ni Kuang bai kashe kowa ba, amma ya makantar da wata yarinya mai suna Azi wadda halinta bai yi masa ba. Da Jin Yong ya zo tace littafin daga baya, ya cire mafi yawan abin da abokin ya rubuta, ya bar makantar Azi a inda take. Littafin dai na Jin Yong ne, da sunansa ya kamata a ambace shi.