Yadda Ake Cika Sharaɗin Turanci Kafin Tarewa a Birtaniya

Tun daga watan Nuwamba na 2010, duk macen da za ta tare wurin mijinta a Birtaniya, ko namijin da zai bi matarsa can, sai ya nuna shaidar yana jin Turanci kafin a ba shi biza, matuƙar wanda za a je wurinsa ɗan ƙasa ne ko mai izinin zaman dindindin. Mutanenmu da yawa suna ɗauka cewa tun da Turanci ne harshen hukuma a Najeriya da Ghana, sharaɗin bai shafe su ba. Ya shafe su, domin ƙasashen biyu ba sa cikin waɗanda aka ɗauke wa jarrabawa, irin su Amurka da Kanada da Ostareliya da Jamaika. A ganina akwai rashin adalci a tilasta wa wanda ya yi karatunsa kaf da Turanci ya sake biyan kuɗi don tabbatar da hakan, amma tun da haka dokar take, shiri shi ne abin yi.

Abu na farko shi ne sanin matakin da ake nema, domin sharaɗin hawa-hawa ne. A bizar farko, wadda ke da wa'adin shekara 2 da wata 9, matakin A1 ake buƙata, wato mafi ƙanƙanta: mutum ya iya faɗin sunansa da garinsu, ya yi bayanin iyalinsa, ya fahimci lokaci da farashin kaya. Idan aka zo sabunta bizar sai a nemi A2, sannan bayan shekara 5, lokacin neman zaman dindindin, a nemi B1, wanda ke nufin iya tattaunawa sosai da likita ko malamin makarantar yara ba tare da tafinta ba. Kada a haɗa wannan da bizar aiki, wadda sharaɗinta ya fi tsauri kuma ya haɗa da karatu da rubutu.

Daga nan sai zaɓen jarrabawa, kuma nan ne ake yawan asarar kuɗi. Ba kowace takardar Turanci ake karɓa ba, sai wadda aka yi a cibiyar da hukumar shige da fice ta Birtaniya (UKVI) ta amince da ita, kuma jerin cibiyoyin yana shafin intanet na gwamnatin Birtaniya, gov.uk. Ga mai neman A1, jarrabawar IELTS Life Skills ta wadatar, haka ma PTE Home ta kamfanin Pearson. A IELTS Life Skills babu rubutun insha'i, magana ce da saurare kawai, inda ake zaunar da mutum biyu gaban mai jarrabawa na ƙasa da minti 20 a matakin A1, kuma sakamakon ko dai an ci ko an faɗi. Wanda ya je ya yi IELTS ta gama-gari da ba ta da alamar UKVI ya wahala a banza, ko da makinsa ya kai ƙololuwa. A yi rajista da fasfon da za a nemi biza da shi, a tabbatar rubutun suna ya zo daidai harafi da harafi, a kuma tuna cewa takardar shekara 2 take aiki, saboda haka kada a yi gaggawar zana ta alhali sauran takardun aure ba su kammala ba.

Mai digirin da aka koyar da Turanci yana iya kauce wa jarrabawar, amma idan ba a Birtaniya aka yi shi ba sai hukumar Ecctis ta tantance digirin, ta tabbatar ya yi daidai da na Birtaniya kuma da Turanci aka koyar da shi. Digirin da aka yi da Faransanci a Yamai ko da Larabci a Khartoum ba zai maye gurbin jarrabawar ba. An ɗauke sharaɗin ga wanda ya kai shekara 65 ko fiye, da mai larurar jiki ko ta ƙwaƙwalwa da likita ya tabbatar.

Wajen shiri kuwa, matsalar yawancin matanmu ba rashin kalmomi ba ce, kunya ce da rashin sabo da buɗe baki gaban baƙo. Haddar amsoshi ba ta fitar da mutum, domin dole ya saurari abokin zamansa ya kuma yi masa tambaya. Abin da ke aiki shi ne a ware rabin sa'a kullum a yi hira da Turanci zalla da ƙane ko ƙawa, a kan kasuwa da abinci da yanayi da ayyukan gida, a riƙa sauraren rediyon Turanci don kunne ya saba da lafazin Turawa. Ina roƙon mazajen da ke can su ɗauki wannan a matsayin nauyinsu, su mayar da wani ɓangare na hirar waya zuwa Turanci, bayan tarewa kuma su bar matansu su shiga ajin koyon harshe na unguwa, domin matar da aka killace a gida shekara biyu da wuya ta haye A2.

A matakin zaman dindindin akwai ƙarin jarrabawar Life in the UK, mai tambaya 24 cikin minti 45 a kan tarihi da dokoki da al'adun ƙasar, kuma sai an amsa 18 daidai ake ci. Dokokin suna sauyawa, don ko a watan Mayu na 2025 gwamnati ta bayyana shirin ƙara tsananta sharaɗin harshe, saboda haka a sake duba gov.uk a ranar da za a biya kuɗin kowace jarrabawa.