Yadda za ka kama kalmar tricky da hannu biyu

Shekara 11 ke nan ina koyar da Ingilishi a koleji a nan Tahoua, kuma duk lokacin shirin jarrabawar BEPC sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu: "Malam, tricky da difficult ba ɗaya ba ne?" Ba ɗaya ba ne, kuma ina jin ciwo in ga yaro mai ƙoƙari ya rasa maki a kan haka.

Fara daga abin da ka sani. Kowane ɗan makarantar Nijar ya san kalmar Faransanci tricher, satar amsa. To, trick ta Ingilishi daga tsohon Faransanci ta fito, dangin tricher ce. Tricky kuwa tun 1786 ake ganinta a rubuce. Ka riƙe wannan: duk inda ta shiga, akwai abin da aka ɓoye.

In mutum ake nufi, mai wayo ne irin na Gizo, wanda ba ka sakin jiki da shi. A Amurka tun 1950 aka laƙaba wa Richard Nixon, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, "Tricky Dick", kuma ba yabo ba ne. Kada ka faɗa wa wanda kake jin nauyinsa. In kaifin basira kake son yabawa, clever ta ishe ka.

In aiki ne ko tambaya, nan na fi son ka natsu. Ɗaukar buhun albasar Galmi a ka wahala ce tsagwaronta, ƙarfi take so: hard ko difficult. Amma zura zare a allura da magariba, ko tuƙa babur cikin yashi da buhun nan a baya, wannan tricky ne. Ido yana ganin sauƙi, kuskure kaɗan ya kayar da kai. Abin da ake nema hankali da dabara. Haka a tricky question take, tambaya mai tarko. Shiga tsakanin miji da mata da suka saɓa kuwa a tricky situation ne, sai da lallaɓawa.

Wajen kwatantawa, y tana komawa i: trickier, trickiest. Wajen furtawa gaɓa 2 ce kacal. Harshenmu yana son cewa "tiriki", sai ka haɗe t da r.

Gwajin da nake ba ɗalibaina kafin su rubuta ta: ka tambayi kanka, abin nan ƙarfina zai cinye, ko ruɗa ni zai yi? In ruɗi ne, rubuta tricky.