Yadda ake aiki da akwatin sama a motar tafi-da-gidanka

Motar tafi-da-gidanka, wadda aka yi wa gado da ɗan kicin da banɗaki a ciki, komai girmanta sai ta yi wa mai iyali kaɗan. Tawa an gina ta ne a kan Fiat Ducato, kamar yawancin irinta da ke yawo a Turai, kuma a Ingila nake zaune da ita. Da yara suka fara tasawa, barguna da rigunan sanyi suka cinye kowace kabad, shi ya sa na ɗora akwati a rufi. Sai dai tun kafin ka sa hannu a aljihu ka san cewa wuri kawai akwatin zai ƙara maka. Nauyin da aka halatta wa motar yana nan yadda yake, har ma akwatin da ƙarafansa sun ci wani abu daga ciki.

Don haka sikeli za ka fara nufa, shago ya biyo baya. Yawancin waɗannan motoci iyakarsu kilo 3,500, domin nan ne lasisin tuƙi na ƙaramar mota ya tsaya. A Birtaniya wanda ya ci jarrabawar tuƙi kafin 1 ga Janairun 1997 yana iya jan har kilo 7,500, amma wannan maganar lasisi ce, ba ta canza abin da aka rubuta a jikin motarka ba. Idan ka cire nauyin motar ita kanta, abin da ya rage maka 'yan ɗaruruwan kilo ne, kuma mutane da ruwa da abinci duk daga ciki za su ci. Lita 100 ta ruwa kilo 100 ce cif. Ka loda motar kamar yau ne tafiyar, ka cika tankin mai da na ruwa, ka zuba iyali, ka je sikelin auna manyan motoci. Ka roƙi mai sikelin ya auna ƙafafun gaba daban, na baya daban, sannan ka gwada da lambobin da ke kan ɗan farantin da kamfani ya manna a jikin motar. Sau da yawa jimillar tana daidai amma baya ya zarce, saboda duk abin da ke bayan tayoyin baya yana danna su fiye da nauyinsa, yana kuma ɗage gaba. In sikeli ya nuna ba sauran gurbi, maganar akwati ta ƙare sai ka rage kaya.

Sai rufin. Rufin irin wannan mota ba ƙarfe ba ne kamar na tasi. Falle ne siriri na alminiyam ko faiba, da soso mai tare sanyi a tsakiya, wani ma ba a yi shi don a taka ba. Littafin motar zai faɗi nauyin da rufin ke ɗauka, akwatin yana da nasa adadi, kariyar da za a ɗora shi a kai ma haka. Wanda ya fi ƙanƙanta cikin ukun shi ne naka. Kamfanoni irin su Fiamma na Italiya da Thule na Suwidin suna yin akwatuna masu cin ɗaruruwan lita, kuma girman cikin ne ke yaudarar mutane, su ga fili su yi ta zubawa.

Wajen kafawa, in motarka ta zo da sanduna a gefen rufi, ka gode wa Allah ka ɗaure a kansu. In babu, ni ban yarda da huda rufi a gida ba. Babban makashin motar tafi-da-gidanka shi ne yoyo. Ruwa ya bi ta ramin noti ɗaya, ya kwanta cikin bango, ba za ka sani ba sai wari ya tashi ko allon ya yi taushi, gyaransa kuma kan fi kuɗin akwatin nesa ba kusa ba. Ga garantin yoyo da kamfani ya ba ka, wanda huda ɗaya kan iya rusawa. Masu sana'ar suna manna ƙafafun kariya da gam irin Sikaflex, bayan sun goge wurin tas, in kuma hudar ta zama dole sun san inda katako ko ƙarfe ya bi a ƙarƙashi. Ka biya su. Ka kuma sanar da kamfanin inshorarka cewa ka yi ƙari a jikin motar.

Kafin a ɗaure, ka buɗe kowace tagar rufi har ƙarshe ka ga ko murfin akwatin zai tokare ta. Kada ya toshe bututun hita in a sama yake. Kada kuma inuwarsa ta faɗa kan faifan sola, don inuwa a kusurwa ɗaya tana rage wutar faifan sosai. Ka duba ta wane gefe murfin ke buɗewa, da ko hannunka zai kai makullin daga kan tsani.

Abin da ya dace da sama shi ne mai cika wuri mara nauyi: barguna, matasai, tabarmar shimfiɗawa a waje, kujerun ninkewa, tanti, rigunan sanyi da rani, takalman yara na tabo. Duk wanda ya taɓa shiga bas ɗin ranar kasuwa da aka jibge wa buhuna a sama ya san yadda take kwanciya a kwana, to haka taka za ta yi, ga iska in tirela ta wuce ka a babbar hanya. Buhun shinkafa, jarkar mai, gwangwanaye, kayan gyara da janareta, duk ƙasa, tsakanin tayoyi. Tukunyar gas kuwa tana da ɗakinta mai huda a ƙasa, domin gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake bi. Kada ta hau sama ko da wasa. A zafin ranar Sifen cikin akwatin tanderu ne, don haka magani da turaren fesawa ba nan ne wurinsu ba. Darduma da buta ma a ƙasa nake barinsu, tunda ba wanda zai hau tsani sau biyar a yini. Komai ka sa shi cikin jaka mai hana ruwa, ka cika gibi da bargo, ka ja bel ɗin ciki, don birki ɗaya ya isa ya tara kayan a goshin akwatin.

Tsayi shi ne abin da aka fi mantawa. Da an gama ɗorawa ka auna da tef daga ƙasa zuwa ƙololuwar akwatin, motar tana kan shimfiɗaɗɗen wuri ba kaya, ka rubuta ka manna inda idonka zai gani daga sitiyari. A Birtaniya doka ce, in motar ta wuce mita 3, a nuna tsayinta a gaban direba da ƙafa da inci, amma ka ƙara da mita saboda tsallaken teku. A Faransa wannan mita 3 kuɗi ce: a ƙofar biyan kuɗin hanya, mota mai tsayi tsakanin mita 2 da 3 da ba ta wuce kilo 3,500 ba tana aji na 2, da ta haura ta koma aji na 3 tare da manyan motoci. Na'ura ce ke aunawa, kuma tana iya ƙirga akwatin, ko da yake a ƙa'ida ba a lissafa shi cikin tsayin motar. Motar da ke mita 2.8, akwati mai tsayin santimita 40 na iya sa na'urar ta fitar da ita daga ajinta, in haka ta faru ka kira ma'aikatan ƙofar su gyara. Tikitin jirgin ruwa daga Dover ma da tsayi da tsawo ake yankarsa, ka ba su sabon adadin. Ka shigar da shi cikin manhajar nuna hanya mai karɓar tsayin mota, ka kuma riƙa ɗaga kai a gidan mai da ƙarƙashin bishiyoyi a sansanin kwana.

Hawa rufi sai motar tana tsaye daram, an ja birkin hannu, wani yana ƙasa yana karɓar kaya. Da sassafe raɓa na sa faiba santsi, ka jira rana ta ɗaga. In ka rufe ka ja murfin da hannu ka tabbatar ya kama, sannan ka zare makulli. Bayan tafiyar rabin awa ta farko ka tsaya ka sake taɓa notina, daga nan kuma kowace safiya kafin tashi. Mai zai ƙaru, ƙarar iska ma haka, sauƙin kawai ka rage gudu. Idan hunturu ya shigo ka ajiye motar, ka kwashe kayan ciki kada su yi funfuna, ka shafa wa robar murfin man silikon, ka bi gam ɗin ƙafafun da yatsa ko ya fara tsagewa.