Yadda Ake Samo Kwafin Tsohon Littafi Mai Tsarki Don Wasan Kwaikwayon Tarihi

A Ingila da Amurka akwai mutanen da kan ɗebe kwanakin hutunsu su sa tufafin mutanen dā, su kafa tantuna a fili, su maimaita wani yaƙi ko wata rayuwa da ta shuɗe kamar yau ake yinta. Ƙungiyar Sealed Knot, wadda aka kafa a 1968, tana maimaita yaƙin basasar Ingila na shekarun 1640. A Amurka kuwa dubbai kan taru don tuna gumurzun Gettysburg na 1863. Waɗannan mutane sukan yi wata da watanni suna neman maɓallin riga irin na ainihi, amma sau da yawa Littafi Mai Tsarkin da ke aljihunsu shi ke tona musu asiri.

Mu ma abin ya taɓa cin mu. A wani wasa da matasan majami'armu suka shirya kan zuwan 'yan mishan Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, waɗanda suka sauka Legas a ƙarshen 1893, mun sha wahala wajen hula da akwatin ƙarfe da fitila. Da yaron da ke fitowa a matsayin Bingham ya tashi yin karatu, sai ya zuge zif ɗin wani Littafi na Hausa mai bangon roba. Bayan an tashi wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, a shekarar nan ai ba a riga an buga wannan ba." Gaskiyarsa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa sai a 1932 ya fito. Tun daga ranar na shiga bin diddigin wannan al'amari, ga kuma hanyar da nake bi.

Mataki na farko: tsayar da mutumin da shekararsa

Kada ka fara da kasuwa. Ɗauki takarda ka rubuta abu huɗu game da wanda za ka fito a matsayinsa: shekara, gari, ɗariƙa, da ƙarfin aljihu. Waɗannan huɗun su za su zaɓa maka Littafi.

Wani lokaci amsar ita ce bai kamata ka riƙe Littafi ba sam. Manomin Turai na shekarun 1300 bai mallaki Littafi Mai Tsarki ba, domin da hannu ake rubuta shi, da Latin, a kan fata, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin talaka. Mai wa'azi mai yawo na wancan zamani kam zai iya ɗaukar ƙaramin kwafi mai siraran haruffa irin waɗanda aka yi ta rubutawa a Faris a ƙarni na 13. Ɗariƙa ma tana da nauyi. Sojan Ailan ɗan Katolika a yaƙin basasar Amurka, fassarar Douay-Rheims ce tasa. Bajamushen da ya yi ƙaura zuwa Pennsylvania kuwa fassarar Luther zai karanta, da haruffan nan nasu masu ƙaho-ƙaho.

Mataki na biyu: san bugun da ke hannun mutane a lokacin

A nan ne aka fi yin tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar an wuce 1611, shekarar da Robert Barker ya buga fassarar Sarki James a Landan, kowane Bature ita yake riƙe da ita. Ba haka abin ya kasance ba. Bugun farko na 1611 ƙaton littafi ne, tsawonsa ya kai wajen inci 16, an yi shi don a ajiye a majami'a a karanta wa jama'a. Wanda ke cikin gidaje shi ne na Janiba (Geneva), fassarar Turanci da aka fara bugawa a birnin Janiba a 1560. Shi ne na Turanci na farko da aka raba wa ayoyi lamba tun daga Farawa har Wahayi, girmansa daidai hannu, gefen shafukansa cike da bayanai. Shi ne wanda masu tsattsauran ra'ayin gyaran addini suka fi so, ciki har da mutanen jirgin Mayflower da suka tsallaka teku zuwa Amurka a 1620, kuma an ci gaba da buga shi har 1644. Hanya mai sauƙi ta gane shi ita ce ka buɗe Farawa 3:7. A nan ya ce Adamu da Hauwa'u sun ɗinka wa kansu “breeches”, wato wanduna, shi ya sa masu sayar da tsofaffin littattafai suke kiransa da wannan suna har gobe.

Idan sojan rundunar Majalisa kake kwaikwayo a yaƙin basasar Ingila, abin nema ma bai kai Littafi cikakke ba. A 1643 an buga wata 'yar mujalla mai shafi 16 kacal, ayoyi ne aka tsamo, galibinsu daga fassarar Janiba, don soja ya cusa a riga. Sunanta Souldiers Pocket Bible.

Ga mai kwaikwayon yaƙin neman 'yancin Amurka, Littafin Turanci da ke hannun mutane daga Birtaniya ake shigo da shi. Cikakke na farko da aka buga da Turanci a ƙasar shi ne na Robert Aitken a Philadelphia, a 1782, lokacin yaƙin ya zo ƙarshe. Kenan wanda ke wasan 1776 bai kamata a gan shi da na Aitken ba, komai kyawunsa. A yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 kuwa, abin da ya cika aljihun sojoji shi ne ƙaramin Sabon Alkawari, sau da yawa na ƙungiyar American Bible Society da aka kafa a 1816. Na sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu yana ɗauke da wasiƙar Shugaba Roosevelt a shafin farko, mai kwanan wata 25 ga Janairu 1941.

In kana son tabbatar da wani bugu na Turanci, akwai kundin da A. S. Herbert ya fitar a 1968, wanda ya jera bugu-bugun daga 1525 zuwa 1961, kowanne da lambarsa. Dillalin da ya san aikinsa zai ambaci wannan lamba.

Mataki na uku: rarrabe kwafin hoto da sabon tsari

Abin da ake tallatawa da sunan “tsohon bugu” iri uku ne. Akwai wanda aka ɗauki hoton kowane shafi na ainihin littafin aka buga, da tabonsa da karkatattun haruffansa. Shi dillalai ke kira “facsimile”, kuma wannan kalmar za ka rubuta in kana bincike a intanet. Akwai wanda aka sake tsara kalmomin da haruffan zamani, ko da an bar tsohon salon rubutu. Sai na uku, Littafin yau da aka lulluɓe da bango mai kama da tsoho. Na farkon kake nema. Na biyun yana da amfani wajen haddace abin da za ka karanta. Na ukun ka bar wa mai shi.

Misali, fassarar Janiba ta 1560 tana da kwafin hoto na gaske wanda maɗaba'ar Jami'ar Wisconsin ta fitar a 1969, daga baya maɗaba'ar Hendrickson ta sake bugawa. Sabon Alkawarin da William Tyndale ya fassara zuwa Turanci, bugun 1526, shi ma akwai kwafin hotonsa daga wanda ke ajiye a British Library. Amma yawancin abin da ake sayarwa da sunan “bugun 1611” an yi shi ne da haruffan boko na yau da kullum, alhali na asalin da baƙaƙen haruffa masu kauri aka buga shi.

Kafin ka biya, ka sa mai sayarwa ya turo maka hoton shafin take da na wani shafi daga tsakiya. Duba waɗannan. A littafin kafin 1800 za ka ga dogon harafin s mai kama da f. A na 1611 sunan Yesu da I yake farawa, Iesus, kuma u da v suna musanya wuri. A can ƙasan shafi, ta dama, akwai kalma guda tilo a rataye, ita ce kalmar farko ta shafi na gaba, don mai haɗa littafi kada ya rikice. In ba ka ga waɗannan ba, sabon tsari ne aka ba ka.

Mataki na huɗu: tsince abubuwan da suka riga zamaninsu

Jajayen haruffa a kalmomin Yesu sun fara ne da Louis Klopsch, Sabon Alkawari a 1899, cikakken Littafi a 1901. Sojan 1863 bai taɓa ganinsu ba. Lambobin ayoyi irin na yau Robert Estienne ya shigo da su cikin Sabon Alkawari a 1551, saboda haka na Gutenberg da aka buga a Mainz wajen 1455 da na Tyndale duk ba su da su. Takardar nan shara-shara da muka saba gani a Littafi ta bazu ne daga shekarun 1870. Bangon ƙyalle daga maɗaba'a bai fara ba sai shekarun 1820. Zif, roba, lambar ISBN da zanen layukan farashi a bayan bango, duk a raba su da filin wasa.

Akwai kuma abin da ake cirewa yau alhali dā yana nan. Bugun 1611 yana da wasu ƙarin littattafai da ake kira Afokirifa a tsakanin Alkawari biyu. Sai a 1826 ƙungiyar British and Foreign Bible Society ta yanke shawarar daina buga su.

Mataki na biyar: inda ake nema

Fara da shafukan dillalan tsofaffin littattafai irin su AbeBooks da eBay, ka rubuta sunan bugun da shekararsa da kalmar nan ta kwafin hoto. Shagunan gidajen tarihi na raye, inda ake kwaikwayon rayuwar mutanen dā, kamar Colonial Williamsburg da Plimoth Patuxet a Amurka, su ma wurin leƙawa ne. A manyan tarukan wasan akwai 'yan tireda masu kafa tanti suna sayar da kayan zamanin, daga kofin gwangwani har Sabon Alkawari na aljihu. A wurinsu za ka iya riƙe littafin ka ji nauyinsa, ka gwada ko zai shiga aljihun rigarka. Girma abin lura ne ƙwarai, don masu buga kwafin hoto sukan rage ko su ƙara faɗin shafi. Tambayi awon na asali, ka kwatanta.

Za ka iya cin karo da na ainihi na shekarun 1860 da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, tunda an buga su da yawan gaske. Saya in kana so, amma ka bar shi a gida. Raɓa ɗaya ko zufar yini ɗaya ta isa ta lalata abin da ya yi shekara ɗari da sittin yana jiran ka.

Mataki na shida: in babu, haɗa naka

Tsofaffin bugu da dama an ɗauki hotonsu an ɗora a Internet Archive, kuma haƙƙin mallakarsu ya daɗe da ƙarewa. Sauke shafukan, ka kai wa mai buga takardu ya jera su yadda in an ninke za su bi juna, a buga a takarda mai ruwan madara marar ƙyalli. 'Yar mujallar sojan 1643 ita ce mafi sauƙin farawa: takarda ɗaya ce aka ninke sau uku ta ba da shafi 16, sai a soke ta da allura da zaren lilin. Don zamanin kafin tsakiyar ƙarni na 18, nemi takardar da in ka ɗaga ta ga haske za ka ga siraran layuka a jikinta, alamar ragar da aka tace ta a kai.

Bango shi ne abin da 'yan kallo za su fi gani, kuma a nan mu muke da rinjaye. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majema ke jemewa da bagaruwa, tana cikin fatun da masu ɗinkin littafi a Turai suka fi daraja, har suna kiranta da sunan Neja. Samo irinta mai launin ƙasa ko baƙi, ka kai wa baduku tare da hoton bangon asali. Ka ce masa kada ya sa gam mai sheƙi, kada ya yi ado da ya wuce 'yan layuka da aka danna da ƙarfe mai ɗumi. In kwafin hoton da ka saya yana da bango na zamani, haka za a yi masa: a cire, a cire shafin da ke ɗauke da sunan maɗaba'ar yau da gabatarwar masana, a sa sabuwar takardar ciki, a mayar da fata. Na ƙarni na 17 yakan zo da maƙulli biyu na tagulla a baki. Na sojan shekarun 1860 kuwa baƙin ƙyalle ne ko siririyar fata mai harshe da ake cusawa a wata 'yar kafa.

Mataki na bakwai: kada ka tsofar da shi da gangan

Na ga masu jiƙa shafuka da ruwan shayi, wasu har da babbaka gefe da kyandir. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Sojan da aka miƙa wa Sabon Alkawari a 1862, sabo fil aka ba shi, takardarsa fara. Tsufan da muke gani a gidan tarihi na shekarun da suka biyo baya ne. Ban da haka, kwafi ne ko ba kwafi ba, maganar da ke ciki ita ce dai wadda masu bi suke girmamawa, bai dace a ƙona ta ko a yar a ƙasa don wasa ya yi armashi ba. Sa shi a aljihu, ka riƙa buɗewa kana karantawa, cikin 'yan makonni kusurwoyinsa za su lanƙwashe da kansu. A shafin farko ka rubuta sunan wanda kake kwaikwayo da garinsu da shekara, da alƙalamin tsoma wa tawada ko fensir, kamar yadda sojojin suka riƙa yi don in sun faɗi a san gidan da za a aika da shi.

Da muka sake yin wasan nan namu, fassarar Sarki James muka samo, ƙarama, babu jan harafi ko ɗaya, wani baduku ya yi mata baƙin bango. Yaron ya karanta ayar da Turanci, wani a gefensa yana mayarwa da Hausa da baki.